Ranar da Na Karɓi Haihuwar Saniya

Shekarata ta biyu ke nan a Gure, cikin shekarar alif ɗari tara da casa'in da biyar, ƙarshen bazara, lokacin da ruwa ya ƙi sauka, kowa yake tafe da ɗan guntun fushinsa. Daga Tawa aka turo ni aiki ɗakin haihuwa, matanite kamar yadda muke cewa. Na riga na yi shekara tara ina karɓar haihuwa, kuma ba zan ɓoye ba, sunan da na yi ba mai daɗi ba ne. Mata suna cewa hannuna da sa'a, bakina da kaifi. Mai naƙuda ta yi kuka in daka mata tsawa. Sunayensu ma ban sani ba, mai gado na ɗaya, mai gado na uku, haka nake kiransu. Jariri ya zo da rai, to. Ya zo babu rai, to. In wanke hannu in tafi gida in ci tuwona. Ni a ganina ƙwarewa ke nan.

Wata rana bayan azahar ina kwance a runfar gidana ina fifita, sai na ji sallama. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ƙafafunta fari fat da rairayi, tana haki.

Ta ce, “Madan, naƙuda ce. Tun asuba ake abu guda. Ƙahwa guda ta leƙo, ta tsaya.”

Na miƙe zumbur ina neman jakata, ina faɗa. “Ƙafa ta leƙo tun asuba, kuka zauna da ita a gida? Ku dai ba ku zuwa sai abu ya lalace! Ɗiyarki ce ko surukarki?”

“Saniyata ce.”

Na ajiye jakar. Wallahi da ba tsohuwa ba ce da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Na ce, “Iya, ni kika raina? Shekara uku na yi ina karatun aikin ga, don in zama ungozomar shanu? Tafi wurin likitan dabbobi.”

Ta ce ta je, an ce ya fita turne, wato rangadin ƙauyuka, wajen Kelle, sai jibi. Sannan ta miƙo mini hannayenta. Yatsun duk sun lanƙwashe, sanyin ƙashi ya cinye su. Ta ce da can ita take wannan aiki da kanta, yanzu ko zare ba ta iya zurawa. Saniyar nan ita kaɗai bazara ta bar mata, da nononta take samun hatsin da take ci da jikokinta biyu marayu. Ba ta yi kuka ba, ba ta durƙusa ba. Ta dube ni ta ce, “An ce mini bakinki da zahi. Ki zage ni bisa hanya, ɗiyata, amma mu tahi.”

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Na ɗauki jakar, kuma na zage ta a hanya, daidai gwargwado.

Gidan yana can ƙarshen gari, inda tudun rairayi yake gangarawa kwarin dabino. Muna shiga na ga abin da ya sa take haki. Jar saniya ce mai dogayen ƙahoni, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, tana kwance gindin aduwa. An riga an juya ta tana kallon gabas. An haƙa ɗan rami kusa da wuyanta. Wani dattijo yana tsugune gefen ramin yana wasa wuƙa a kan dutse. Ƙanen marigayi mijin tsohuwar ne. Bisa danga kuwa ungulu biyu sun riga kowa samun wurin zama.

Dattijon ba mugu ba ne, kuma gaskiya ce a bakinsa. Dabba in ta mutu ba yanka ta zama mushe, sai a ja ta bayan gari. In an yanka ta da sauran ranta, aƙalla ga nama, ga fata, a sayar a sayi hatsi. Tun hantsi yake son yankawa, tsohuwa tana hana shi.

Ya ce da ita, “Yaya, na jira ki don girmanki. In ta cika ba yanka, biyu babu muka yi.” Ya juyo gare ni. “Madan, ki yi abin da za ki yi. Amma ni ba montur nika dubi ba, ba ruwana da agogo, idonta nika dubi. In ya juya, ko hannunki na ciki zan yanka.”

Na tuɓe rigar sama, na gyara ɗaurin zane, na durƙusa. Safar hannuna ta aiki a wuyan hannu ta tsaya, wannan kuwa aiki ne na har kafaɗa, sai na cire ta na yar. Tsohuwa ta turo mini ƙwarya cike da ruwan busasshiyar kuɓewa, ta ce in shafa don santsi. Na ce a raina, yau ga ni a miya.

Na zura hannu ta gefen ƙafar da ta leƙo. Zafi ne ya fara tarbata, sannan matsi. Saniyar ta yi yunƙuri, ƙashin ƙugunta ya damƙe mini damtse har na ji kamar za a raba ni da shi. Na ciji leɓe na jira ta saki. Cikin mace na san shi kamar ɗakina, amma nan baƙuwa ce ni, lalube kawai nake. Na ji kai, na ji kunne. Ƙafa ta biyu, wadda ya kamata ta fito tare da 'yar'uwarta, babu ita. Ta naɗe can baya, ita ce ta tokare hanya.

Dattijon ya ce, “Shina da rai kuwa? In ɗan ya mutu, mi muke jira?”

Na ce ban sani ba. Karo na farko ke nan cikin shekaru da na faɗi haka a bakin aiki. Ba ni da abin saurare da zai kai can, ba kuma inda zan taɓa in ji bugu.

Tsohuwa ta matso kusa da kunnena ta ce, “Nemi bakinshi. Sa mashi yatsa.”

Na bi hanci na gangara, na sami leɓe, na tura yatsana tsakanin dasashi. Shiru. Ina jin ƙarar wuƙa a kan dutse ta tsaya, ina jin dattijon ya miƙe. Har na buɗe baki zan ce ya mutu. Sai can cikin duhun da ido bai taɓa gani ba, wani ɗan harshe mai kaushi ya naɗe mini yatsa, ya tsotsa.

Shekaru sun wuce, har yau ban sami maganar da ta isa wannan abu ba. Jarirai nawa suka tsotsi yatsana? Ba su ƙirguwa. Kuma wallahi tsotson nan shi ne, babu ragi babu ƙari. Wa ya koya masa, shi da bai taɓa ganin nono ba? Kumatuna yana manne da jikin uwar, ina jin jijiyarta tana bugawa a damtsena, ina jin tawa, na kasa rarrabe wacce ce ta wa. Tun ina yarinya nake jin malamai suna karanta cewa dabbobi da tsuntsaye al'umma ne irinmu. Na ji da kunne, ya wuce. Ranar ne ya shiga. Ba zancen daraja nake ba, wannan na bar wa malamai. Abin da na ji shi ne ran da ke cikina, da na saniyar, da na wannan ɗan da ke riƙe da yatsana, har da na ungulun da ke jira, daga wuri ɗaya aka ɗebo shi, kamar ruwan rijiya ɗaya a tuluna daban-daban. Kuma Mai rijiyar yana nan kusa, ya fi hannuna kusa da ɗan maraƙin.

Tsoro ya kama ni, da kunya mai tsanani. Shekara tara ina taɓa wannan abu safe da yamma, ina yi masa tsawa.

Na ce, “Da ransa!” Muryata ta fito wata iri. “Baba, don Allah, da ransa!”

Dattijon ya sake tsugunawa, amma yanzu dab da wuyanta, hannunsa na hagu a kan maƙogwaronta.

Tsohuwa ce ta yi mini jagora. Ta ce kafin ƙafar ta miƙe sai an mayar da ɗan ciki, a sami fili. Na dafa goshinsa na tura. Uwar ta yunƙura ta dawo da shi. Na jira, na sake turawa. Haka muka yi ta yi, ni da ita, ban san sau nawa ba. Gumi yana shigar mini ido ba hannun sharewa. Sai na ji bakina yana magana ba da izinina ba. “Sannu, sannu baiwar Allah. Yi haƙuri, saura kaɗan. Kada ki yunƙura yanzu, jira ni.” Maganar da ban taɓa yi wa mai gado na ɗaya ko na uku ba.

Na kai ga gwiwar ƙafar da ta naɗe. Tsohuwa ta ce in bi ta har kofato, in rufe kofaton cikin tafina don kada ya yaga uwar. Na kama, ya suɓuce. Saniyar ta yi wani dogon nishi, ta miƙe wuya, ta yi tsit. Na ga wuƙar ta hau fata.

“Dakata!” in ji tsohuwa.

“Yaya, tana tahiya!”

“Na ce dakata!”

Cikinta ya ɗaga, numfashi ya dawo. Na sake kama kofaton da duk abin da ya rage mini na ƙarfi, na lanƙwasa, na jawo. Wani abu ya goce a ciki, sai ga ƙafa ta biyu a waje gefen ta farko. Ko na rufe shi sosai, ko kaifinsa ya taɓa wani wuri yana wucewa, wannan tambaya har yau tana tare da ni.

Muka ɗaura igiya a ƙafafun biyu. Tsohuwa ba ta iya riƙo, ni kuma hannuna ɗaya ya mutu. Na ce, “Baba, aje wuƙar ka kama igiya.”

Ya dube ni, ya dubi idon saniyar. In ya bar wuyanta ta cika yana can baya, shi ke nan. Ya ce, “Madan, kin san abin da kike sa ni?” Na ce na sani. Ya soke wuƙar cikin rairayi, ya zagayo da sauri irin na tsofaffi, ya kama. Muka jira yunƙurinta, muka ja tare. Hanci ya fito, kai ya fito, sannan gaba ɗaya ya sulɓo kaina, da ruwa da yauƙi, na faɗi zaune yana bisa cinyata.

Mace ce, ja kamar uwarta. Na share mata hanci da yatsu, tsohuwa ta soka mata tsinken kara a ciki, ta yi atishawa, ta girgiza kunne. Dattijon ya yi dariya, ya ce Allahu Akbar. Tsohuwa ta ce, “Barka, barka.” Ni ma har na fara dariya, sai idona ya kai bayan uwar.

Jini ne, ba irin wanda ke biyo haihuwa ba. Ja wur, yana zuwa ba tsayawa, rairayi yana shanyewa. Na san wannan jinin. A ɗakin haihuwa ma, da allura da komai, ba kullum muke cin nasararsa ba. Na cusa zanen tsohuwa na danna, ya jiƙe ya ratso.

Tsohuwa ba jinin take kallo ba, fuskata take kallo. Ta ce, “Hwaɗa mini gaskiya, ɗiyata.”

Na ce, “Iya, ba mai tsayawa ba ne.”

Ta miƙe. Ta je ta dafa goshin saniyar tsakanin ƙahoni, ta yi mata magana da Barbarci, ƙasa-ƙasa, ban ji ko kalma ɗaya ba. Sannan ta ce da ƙanen mijinta, “To. Yanka.”

Na ce, “Dakashi! Baba, bari ta sha dakashi.” Nonon farko ke nan, kuma abin da na sani a kan 'ya'yan mutane na tabbata haka yake a nan: wanda bai same shi ba da wuya ya yi ƙarko. Dattijon ya zare wuƙar daga rairayi, ya goge ta a hannun riga, ya ce in yi maza.

'Yar maraƙar ba ta iya tsayuwa ba tukuna. Na jawo ta jikin hantsar, na sa mata kan nono a baki, ina matsawa da hannuna mai rai. Ta kama. Tana sha, ina matsawa, jini yana zuba, dattijon yana duban ido. Sai saniyar, wadda tun zuwana ba ta ɗaga kai ba, ta ɗago, ta karkato da wuya da ƙyar, ta miƙa harshe. Bai kai ba. Na tura mata 'yar kusa. Ta lashe ta a baya sau uku, kan ya koma ƙasa.

Dattijon ya ce a hankali, “Idonta ya hwara juyawa. Madan, kau da ɗiyar. Ba a yanka uwa gaban ɗiyarta.”

Na sunkuce ta. Ta fi kowane jariri nauyi, ƙafafunta suna jan ƙasa, bakinta da sauran dakashi. Na kai ta bayan rumbu na zauna da ita a ƙirjina, na cire kallabina na rufe mata ido. Daga can na ji “Bismillahi, Allahu Akbar.” Kunnenta ya motsa, sai na toshe shi da tafina.

Hawaye suna zuba mini, ban hana su ba. Na sunkuya na ce mata, “Sai haƙuri. Yaya haƙuri? Allah shi raya ki.” Na yi mata gaisuwa kamar yadda ake yi wa kowane maraya.