Tukunyar Tokar Inna

Ni ce na zubar da irin kuɓewar Inna, da hannuna, kwana uku bayan rasuwarta. Ban taɓa gaya wa ƙannena ba, kuma har yau abin yana ci min rai.

Kuɓewa ce ja, doguwa, wadda ba ta saurin tsufa a jikin kara. Inna ta zo da irinta daga ƙauyensu lokacin da aka kawo ta aure unguwar Ketaren Gwari a Minna. Duk damina takan shuka kunya huɗu a bayan gida, kusa da ta maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bagwariya da muke kira Mama. Sun raba aiki tun kafin a haife ni: Mama ke ajiye irin gauta, Inna ke ajiye na kuɓewa, idan ruwan farko ya sauka su yi musaya. Ni kuwa ba ruwana da lambu. Na fara koyarwa a firamare, ina ji da kaina, in Inna ta ce in zo in ga yadda ake abu sai in ce farcena zai lalace.

Ta rasu da bazara, ana tsananin zafin nan na Minna. Ranar sadakar uku gida ya cika, aka ɗora miyar karkashi, aka nemi ruwan toka aka rasa. Na shiga ɗakinta na ga wata ƙaramar tukunya a ƙarƙashin gado, an ɗaure bakinta da tsumma, cike da toka. Har na yi mita a raina, wane irin mutum ne ke ɓoye toka kamar zinariya. Na juye a rariya, na zuba ruwa na tace. Na ga wasu ƙananan abubuwa kamar tsakuwa a cikin dusar, na watsar bayan gida, kaji suka yi caa a kai. Masu gaisuwa suka yi ta yaba miyar.

Da aka yi ruwan farko sai ga Mama da sassafe, da fartanyarta a kafaɗa.

"Yarinyana, kawo min tukunyan mamanka. Wanda yana ƙarƙashin gado."

Na ce, "Ta tokar? Ai na yi miya da ita, Mama."

Ta dube ni. Sannan ta ce, a hankali, cikin toka ake ajiye iri don kada ƙwari su ci. Duk matan unguwar sun san haka. Ni kaɗai ce ban sani ba, ni mai takarda.

Mama ta ce, "Ko ɗaya bai rage ba?"

Na ɗauko tukunyar na zura hannu ina lalube, alhali na san na wanke ta fes. Na fita bayan gida na tona inda na watsar, ba komai sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. A nan na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Inna.

Mama ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta kwance bakin zaninta, ta kama hannuna ta zuba min irin gauta, rabon Inna na wannan shekarar. Ta ɗan tsaya da nata tafin a buɗe, saboda hannun ya saba karɓar irin kuɓewa. Ba ni da abin da zan zuba mata.