Tambayar da Ba a Yi a Tiken Pitowa

Duk sunan da na yi a sana'ar nama a Garwa ta ƙasar Kamaru, daga garken mutum ɗaya ya fito. Wani dattijon Bafulatani ne da nake kira Baffa. Tun ina yanka akuya ɗaya in kasa a kan tebur na san shi, har na kai ga sayen bijimai. Shanunsa ba su fi na kowa girma ba, amma idan aka feɗe su kitsen yana kwance cikin tsoka, naman kuma ba ya zubar da ruwa a tukunya. Ranar Lahadi yake kawo su kasuwar shanu ta Pitowa, wadda muke kira tike, kuma mai masaukinsa, wato dillalin da yake sauka a gidansa, ba ya nuna wa kowa su sai na gani. Wannan gaban da ake ba ni shi ne jarina na gaskiya. Idan na rasa shi, na koma kamar kowane mahauci mai bin ragowar kasuwa.

Ana nan sai wata mata ta buɗe babban kanti mai firji a cikin gari. Kirista ce daga duwatsun arewacin Marwa, ta taso tana sayar da wake da gyaɗa a kasuwanni, shi ya sa Hausarta ta fi ta wasu ƴaƴana daɗi. Madam muke ce mata. Ni nake kai mata nama daga mayanka, ma'aikatanta su yayyanka, su jera a faranti, su rufe da leda. Ma'aikatan gwamnati da aka turo daga kudu ne suka fi saye. Ba sa son ƙudan kasuwa, kuma ba sa ciniki.

Wata safiya na kai cinyoyi, ta tsayar da ni a bakin firji.

"Alhaji, masu duba kayan kanti sun zo. Sun ce duk abin da aka rufe a leda, sai an liƙa masa takarda mai nuna ƙasar da ya fito. Kajin kwali suna da tasu. Naka fa, me zan rubuta?"

"Ki rubuta naman sa," na ce.

"Na san ba na jaki ba ne. Ƙasa nake tambaya."

Na yi dariya, amma a hanya na yi ta juya maganar. Ban ga laifin dokar ba. A kasuwa mai saye yana ganin kan dabbar a ajiye, yana ganin jelar da muke bari a jikin cinya, yana ganin shuɗin hatimin likitan dabbobi, sannan yana ganin fuskata. A cikin leda babu ko ɗaya. Wanda aka rufe wa ido haka yana da haƙƙin a faɗa masa wani abu. Matsalar ita ce ban san amsar ba. Shanun Baffa suna bin ciyawa ne. Da rani suna gangarowa bakin kogin Binuwai, da damina su yi gabas, kuma gabas a wurinmu ba ta da nisa da Cadi. Ban taɓa tambayarsa inda aka haifi sa ko ɗaya ba, kuma ba sakaci ne ya hana ni ba.

A tike ba a tambayar mutum inda saniyarsa ta fito. Ana tambayar lafiyarta, ana duba haƙoranta, ana taɓa tozonta. Amma "daga ina" kalma ce ta wanda aka yi wa sata yana cigiya, ko ta jami'in da ya zo kama ɓarawo. Wanda ke tsaya wa mai saye shi ne mai masauki. Shi ya san baƙonsa, shi ake zuwa wurinsa idan magana ta taso daga baya. Wanda ya tambayi asalin saniya a gaban jama'a ya ce wa mai ita ɓarawo, ya ce wa mai masaukinsa maƙaryaci, duk a numfashi guda.

Na bayyana wa Madam haka. Ta saurara, ta ce ta gane, amma na ga ta ɗauke shi a matsayin irin wahalar da ƴan kasuwa ke ƙirƙira don kada a san inda suke saro kaya. Ita ma ƴar kasuwa ce, ban zarge ta ba. Na ce ta ba ni lokaci, zan bi ta bayan gida in samo mata amsa.

Lahadin da ta biyo ina tsaye a tike tare da Baffa da mai masaukinsa, muna kallon wani farin bijimi mai baƙin wuya, sai na ji an ce, "Alhaji, sannu da rana." Madam ce. Daga coci ta hau motar haya ta taho, da zanen fita da takalmi mai tsini, tana tsallake kashin shanu. Ta ce ta zo ganin inda namanta ke fitowa. Ta durƙusa ta gaida Baffa da Fulatanci yadda ya kamata, ya amsa da sakin fuska, har ya kira ni da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce mini, "Kaɗo, ashe kana da baƙi masu ladabi, kai ne dai ba ka koya ba."

Sai ta nuna bijimin, cikin murmushi, da muryar da ta saba kiran masu saye, ta ce, "Baba, wannan san daga wace ƙasa aka kawo shi? Namu ne ko na Cadi?"

Waɗanda ke kusa suka daina ciniki. Baffa bai dube ta ba, ni ya duba. Daga nan ya sunkuya ya fara kwance igiyar daga turke.

Mai masauki ya ce a hankali, "Alhaji, shaida ka kawo mana? Da ka faɗa mini, da na kira sarkin tike ya zauna."

Madam ta fara cewa takarda ce kawai za a liƙa a leda. Kalmar takarda ta ƙara ɓata abin, domin a tike jami'ai ne ke zuwa da takarda. Na ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Lissafin da na yi a tsaye gajere ne. Bayani ba zai yi aiki ba, domin ba Baffa kaɗai ya ji ba, kasuwa ta ji, kuma kafin la'asar labarin zai kai rugage cewa mahaucin Garwa ya kawo mace ta tuhumi dattijo. Abin da aka ɓata a gaban mutane, a gabansu ake gyara shi. Na taka na kama igiyar kusa da hannunsa.

"Baffa, na saya."

"Ba ka taya ba."

"Ba zan taya ba. Abin da ka faɗa wa mai masauki shi ne kuɗinsa. Ban duba bakinsa ba, ban tambayi komai ba, kuma ba zan tambaya ba. Wanda ke da magana a kan san nan ya zo gidana."

Mahauci ba ya sayen sa bai taya ba. Kowa a wurin ya san abin da nake nufi. Baffa ya daɗe riƙe da igiyar. Da ya saki, bai ce Allah ya ba da sa'a ba kamar yadda ya saba, ya juya ya shiga cikin shanunsa.

Na raka Madam tasha. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Alhaji, na ɓata maka."

"Ba ki san wurin ba ne. Amma ki ji, naman nan ba zai shiga ledarki ba. Idan kin rubuta Kamaru, ban sani ba. Idan kin rubuta Cadi, ban sani ba, kuma ranar da wani ya karanta ya kai wa Baffa, an ce na bincike shi a ɓoye."

"To in rubuta an yanka a Garwa. Wannan ai gaskiya ne."

"Gaskiya ne, amma ba shi suka tambaye ki ba."

Mota ta cika, ta shiga ta tafi. Daga baya ta samu wani mai gonar kiwo a wajen Ngaundere, wanda shanunsa ke cikin shinge tun haihuwa, yana turo mata nama da bayaninsa. Ni na mayar da bijimin teburin kasuwa, da jelarsa da kansa. Rashin kantin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba, domin mai saye kullum ba tare da ciniki ba abu ne da mahauci ke roƙo a sallah. Har yau muna gaisawa, kuma idan za ta yi taron gida, ni take aiko wa.

Lahadi biyu ko uku Baffa bai zo tike ba. Na aika masa goro da buhun kanwa ta hannun mai masauki, ban haɗa da saƙo ba. Ranar da ya dawo na iso da wuri na tsaya nesa, ina kallon wasu mahauta biyu suna zagaya shanunsa. Mai masauki ya ce musu su dakata, akwai mai gani. Sannan ya ɗago hannu ya yafuto ni.

Baffa yana jingine da sandarsa. Ya ce, "Kaɗo, yau ka taya. Ba na son cin kuɗin mahaukaci sau biyu."

Na buɗe bakin san farko na duba haƙoransa, na taya shi ƙasa ƙwarai, ya zage ni, muka fara ciniki.