Takardar da Aka Naɗe Ƙosai da Ita

Malam Labaran ya rasu a daminar bara, ranar wata Talata, aka binne shi a Badafi inda aka haife shi. Shekara ashirin da shida ya yi yana aikin masinja a wani ofishin gwamnati mai kula da filaye a nan yankinmu. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, shi ma bai so a ambata ba. Ni kuwa rumfata ta facin keke tana tsallaken titi daura da ƙofar ofishin, a nan muka saba tun muna da baƙin gemu.

Mutum ne gajere, mai tsabta, ba ya son hayaniya. Kekensa na da akwatin gwangwani a baya da ɗan kwaɗo, a ciki yake zuba fayil-fayil ya kai Bebeji, ya kai Kiru, wani lokaci har Tudun Wada. Bai yi boko ba, allo kawai ya yi. Fayil kuwa da launin bango yake gane shi, da irin tsufan da kusurwarsa ta yi, kuma ban taɓa jin ya kai na wani wurin wani ba. Manyan ofishin sun fi yarda da shi a kan kowa, don sun san ko an buɗe masa takarda a gaba ba zai gane abin da ke ciki ba.

Cikin ayyukansa akwai ƙona shara. Duk ranar Alhamis yakan kwashe kwandunan takardun da aka lalata wajen bugawa, ya kai bayan ofis ya cinna musu wuta. To Malam Labaran ba ya iya ganin abu mai amfani yana ci da wuta. Sai ya tsuguna ya tsince masu kyau, waɗanda ba su yage ba, ya lallaɓe su a gwiwarsa, ya ƙona sauran. Masu kyaun kuma ya kai wa yayarsa Tani, wadda mijinta ya rasu, take tuyar ƙosai a bakin tasha. Da su take naɗe wa matafiya. Shekara da shekaru haka ake yi. Ma'aikatan ofishin da kansu sun sha cin ƙosan Tani a cikin takardunsu, babu wanda ya taɓa juya takardar ya duba.

Akwai wani akawu a ofishin mai suna Ghali, shi ke buga tafireta. A lokacin bai fi shekara talatin ba, bai daɗe da aure ba, ya kuma ci jarrabawar ƙarin girma yana jiran a kira shi. Yakan tsokani Malam Labaran, ya ce, “Baba Labaran, kai ne ma'ajin sirrin gwamnati, amma ko sunanka aka rubuta sai ka tambaye ni.” Shi kuma ya ce, “Kai dai buga, ɗan nan, ni in ɗauka. Da babu jakin kaya irina da takardunka sun ruɓe a tebur.”

Wata shekara, ana dab da girbi, aka ba Ghali wata wasiƙa ya buga, mai jan hatimi a sama. Abin da ke ciki shi ne za a karɓe fadamar wani ƙauye da ake kira Kwarin Marke a ba wani kamfani na waɗansu manya. An jera sunayen masu gonaki arba'in da ɗaya, an kuma ce kada a sanar da kowa sai masu awo sun gama kafa turakunsu na siminti. Ghali ya yi kuskure a bugun farko, ya zare takardar ya jefa a kwando, ya sake sabuwa. Ran Alhamis Malam Labaran ya tsince ta cikin masu kyau.

Wanda ta faɗa hannunsa wani malamin firamare ne ɗan Kwarin Marke, Malam Mujitaba. Ya sayi ƙosai zai shiga mota, ya cinye, zai goge hannu sai idonsa ya faɗa kan sunan mahaifinsa. Kafin sati ya zagayo takardar ta je wurin mai unguwa, an yi mata hoto a inji an rarraba, an karanta ta a masallaci, har wani gidan jarida ya buga. Mutanen ƙauyen suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu suka zauna a fadamar, ranar da masu awo suka zo ba su sami inda za su ajiye ƙafa ba. Magana ta yi girma har aka ce an dakatar da batun. Ba a sake tayar da shi ba har yau.

Wata safiya cikin kwanakin nan Malam Labaran ya turo kekensa rumfata.

Ya ce, “Sani, duba min tayar baya.”

Na latsa na ce, “Iskarta lafiya lau.”

“To duba ta gaba.”

Ita ma lafiya lau. Na ɗaga kai na dube shi, sai na ga leɓensa ya bushe. Ya tsuguna kamar mai duba sarƙa, ya ce a hankali, “Takardar nan da ake ta magana, an nuna min hotonta. Akwai tabon mai a jiki. Sani, man Tani ne.”

Na ce, “Wa ka gaya wa?”

“Kai kaɗai.”

Abin da na faɗa masa a ranar shi ne nawa kason a cikin wannan labari. Na ce, “Yi shiru tukuna, mu ga inda abin zai tsaya. In ka yi magana har Tani za su kwasa, ga ta da tsufa.” Ya gyaɗa kai ya tura kekensa ya tsallaka titi.

Aka turo kwamitin bincike daga Kano, mutum uku a farar mota. Kwana tara suna zama. Sun tambayi kowa, tun daga shugaban ofis har direba, amma ba su tambayi masinja ba. Me za a tambayi wanda bai iya karatu ba? Shi ne ma yake tsaye a bakin ƙofa yana kiran wanda za a shiga da shi, shi yake zuba musu ruwa. Da aka kira Malam Mujitaba aka ce ina ya sami takardar, sai ya faɗi gaskiya, ya ce, “Ranka ya daɗe, a cikin ƙosai na same ta.” Shugaban kwamitin ya buga tebur ya ce raina musu hankali yake yi. Tabon man kuwa, suka rubuta cewa da gangan aka shafa don a ɓatar da shatin yatsu, wanda hakan ya nuna akwai ƙwararru a cikin maƙarƙashiyar.

Daga nan suka gano mahaifiyar Ghali 'yar Kwarin Marke ce, kuma gonar kawunsa na cikin arba'in da ɗayan nan. Shi ya buga, ga dangi a ƙauyen. Shi ke nan, sun sami mutuminsu. Aka tsare shi mako biyu ana tambayarsa su wa suka sa shi, ba shi da sunan da zai bayar. Da aka sake shi, sai aka rubuta takardar kora, aka ce ba zai sake aikin gwamnati ba.

Malam Labaran aka ba takardar ya kai. Ya sa ta a akwatin gwangwaninsa, ya taka har ƙofar gidan Ghali. Ya ce min Ghali ya fito ya karɓa, ya sa hannu a littafi, ya koma ciki ya kawo masa ruwa a kwano. Ya sha ruwan, ya yi godiya, ya hau keke.

Mutanen Kwarin Marke kuma suka mai da Ghali gwarzo. Aka riƙa kai masa kaji da damman dawa. Yana cewa, “Wallahi ba ni ba ne,” suna murmushi suna cewa, “Mun gane, Malam Ghali, mun gane, ba za mu faɗa ba.” Da abin ya ishe shi sai ya kwashe iyalinsa ya koma wajen dangin matarsa a ƙasar Doguwa, ya kama noman masara. Labarin kuwa ya yi ta ƙiba a bakin mutane. Na ji da kunnena a rumfata ana cewa Ghali ya yanka mukullin kabad da sabulu, ya ɓoye takardar a cikin tayar keke, wata baƙar mota mai duhun gilashi ta bi shi har dajin Falgore. Yanzu ma an ce wani ya tsara abin ana saurare a waya, har da harbe-harbe.

Malam Labaran ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya. Daga ranar bai sake tsince ko takarda ɗaya ba, duka yake ƙonawa, ya tsaya har sai tokar ta huce. Tani ta koma naɗi da takardar buhun siminti, tana mitar ƙaninta ya zama marowaci, har ta rasu ba ta san dalili ba. Duk shekara sai ya ce min, “Bana dai zan je Doguwa.” Ni kuma in ce, “Allah ya kai mu.” Haka muka yi ta yi har shekara ashirin da biyu.

Sai da ciwon ƙirji ya fara kwantar da shi ya aiko aka kira ni, ya ce gobe za mu tafi. Muka hau mota muka wuce Tudun Wada, muka ratsa daji, muka sauka muka yi ta tambaya. Mun sami Ghali a gona da hantsi yana zuba taki, gemunsa ya yi fari. Ya gane mu nan take. Ya shimfiɗa mana buhu a gindin ɗorawa, muka gaisa, aka tambayi iyali da damina. Sai Malam Labaran ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya faɗi komai tun daga kwando har tasha.

Ghali ya dubi masararsa. Sannan ya ce, “Baba Labaran, ai na sani.”

Malam Labaran ya ɗago kai ya dube shi.

Ghali ya ce, “Ranar da 'yan kwamiti suka ajiye min takardar a gaba na ga man, na ga kuskuren da na yi a layi na huɗu. Ni na jefa ta a kwando, kuma na san inda kwando yake zuwa, ai na ci ƙosan Iya Tani. Kana tsaye da butar ruwa a bayan shugabansu. Sau uku ina dubanka.”

Malam Labaran ya ce, “Me ya hana ka faɗa, ɗan nan?”

“Na ce babba ne, bari ya faɗa da bakinsa. In ni na faɗa, cewa za a yi na laƙa wa tsoho don in tsira. Na jira a ɗakin kwamitin, na jira a inda suka tsare ni. Ranar da ka kawo takardar kora na shiga ɗebo ruwa ne don in ba ka lokaci.”

Na sunkuyar da kai, don na san wanda ya ce a yi shiru.

Malam Labaran ya ce, “Ka yafe min, don Allah.”

Ghali ya ce, “Aikin ya wuce, ban damu da shi ba yanzu. Abin da ke cina daban ne. Ranar da aka ɗauke ni aiki na dafa Alƙur'ani na rantse ba zan fitar da abin da aka ba ni amana ba. Ban fitar ba. Amma 'ya'yana sun tashi ana nuna su ana cewa ga 'ya'yan wanda ya sace takarda. Masu zagi da masu yabo duk abu ɗaya suke faɗa, cewa na karya rantsuwa. Na yafe maka, Baba. Amma ka je ka faɗa inda ya kamata.”

Ya je. Na raka shi ofishin, duk fuskokin sun sake, babu wanda ya san shi. Wani jami'i ya saurare shi da ladabi, ya ce, “Baba, wannan fayil ɗin na sirri ne, an tafi da shi tuntuni. Ko shugabanmu ba shi da ikon buɗe shi, balle ya gyara abin da ke ciki.” Muka tambayi wa ke da ikon, ya ce gaskiya bai sani ba.

Ranar Juma'a muka je Kwarin Marke. Bayan an idar da salla ya nemi izinin liman, ya miƙe yana dogara sanda ya faɗi abin da ya faru. Malam Mujitaba, wanda zai iya ba da shaida, ya riga mu gidan gaskiya. Mutane suka yi shiru har ya gama, sai wani daga baya ya ce, “Baba, kai ma so kake a sa ka a cikin labarin?” Aka yi dariya. Wani dattijo ya kama hannunsa da tausayi ya ce, “Maganar ƙosan nan ai mun san ta, dabarar Malam Mujitaba ce don ya rufa wa Ghali asiri. Zauna ka huta, rana ta yi zafi.”

A hanyar komawa mun bi ta gefen fadamar, shinkafa ta yi kore shar. Ya tsaya yana haki, ya ce, “Da a gaban kwamitin nan na faɗa, Sani, da sun yarda. Ga takardar, ga man, ga Tani da ranta.”

Wata biyu bayan nan ya rasu. Ghali ya zo jana'iza tun daga Doguwa, ya tsaya a sahun farko, ya sa hannu aka ɗauki makara. Da zai tafi ya tambaye ni yadda muka yi a ofis da ƙauyen, na gaya masa. Ya ce, “To, Allah ya sani,” ya tafi neman mota.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da ɗan yaƙi da jahilcin da na yi, ko zai kai ga 'ya'yan Ghali. Ubanku bai karya rantsuwa ba. Malam Labaran ne ya kai takardar tasha bisa rashin sani, ni kuma na ce masa ya yi shiru. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana baki ɗaya.