Murɗin Bahago a Akwatin Ƙararrawa

A shekarun da sai an caje mutum kafin ya shiga masallacin Juma'a, ban iya zama wuri ɗaya ba. Ina da shagon kayan wuta kusa da Kasuwar Gombe, kuma ko taya ce ta fashe a titi sai in tsinci kaina a bakin ƙofa da kwaɗo a hannu. Ciniki kuwa ya buɗe, kowa na neman fitilar tsaro da ƙararrawar gobara. Ni ke sayar da kayan, haɗawa kuma aikin wani ɗan ƙabilar Ibo ne haifaffen Bolari, muna ce masa Injiniya. Danginsa da yawa sun tattara sun koma gida, shi ya zauna. Ba shi da komai a garin sai sunansa: in ya ɗaura waya, an gama magana.

Wata safiya wata Hajiya ta kira mu. Tana da bene a Bolari, ƙasa shagunan atamfa, sama teloli, kuma mu muka sa mata ƙararrawa. Jiya da rana dutsen guga ya kama tebur a ƙasa. Aka danna maɓalli, ƙararrawar ƙasa ta yi kuka, ta sama ko tari. Telolin suna cikin ƙarar kekuna da janareto, sai da hayaƙi ya hau musu. Ba wanda ya ji rauni, amma ƙofa ɗaya ce a saman, tagogi duk an yi musu ƙarfe.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da Injiniya ita ta kai sunansa gidajen ƙawayenta, kuma ita za ta je ta karɓo shi. Ya ce a ba shi zuwa la'asar.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne akwatin da ke kula da ƙararrawowin. A kan ƙararrawa ta ƙarshe ana maƙala wani ɗan abu kamar ƙwayar alkama, rasista. Akwatin yana leƙensa ta cikin waya dare da rana, in waya ta tsinke ya daina jinsa, sai ya kunna fitila ruwan ɗorawa ya yi ta ƙara. Namu kuwa koriyar fitila yake nunawa, wai lafiya lau.

Muka fara daga sama. Injiniya ya kwance ƙararrawar teloli ya ɗora mita, babu wuta. Ya raba layin biyu ya auna rabi, ya sake raba rabin. Ni ina riƙe da tsani, ina hawa ina sauka, ina duba agogo ba dalili. Wani tela ya ce Alhaji ko a kawo kujera, kafin ka cinye mana matakala. Wajen azahar muka iso ƙofar ƙarfen da aka kafa a wuyan matakala bayan an gama aikinmu. Injiniya ya fasa siminti kaɗan. Ƙusar mai walda ta ratsa wayar ta raba ta biyu, har ta yi tsatsa.

Na ce to ga mai laifi, a kira Hajiya. Ya ce a'a, za ta tambaye shi me ya hana akwatinsa faɗa, kuma ba shi da amsa.

Muka sauka ya buɗe murfin akwatin. Ga rasista a ciki, an haɗa bakin layin sama da shi, an murɗe ƙafafunsa. Akwatin yana jinsa a kusa, shi ya sa bai san an yanke waya ba. Injiniya ya daɗe yana kallon murɗin. Murɗin ya karkata hagu. Ni bahago ne, kuma shekara da shekaru yana yi mini dariyar yadda nake murɗa waya.

Nan take ranar ta dawo mini. Makon da bam ya tashi a gari ne, Injiniya ya kai iyalinsa gida. Hajiya ta kira ni cewa tunda aka kafa ƙofa akwatin ke ƙara, masu atamfa sun fara rufe shago, wasu na cewa wani abu aka dasa. Na tsallake shingen sojoji na iso saura kaɗan dokar hana fita ta fara. Na zaro rasista daga aljihu na toshe wa akwatin baki, na ce gobe zan dawo in bi waya. Gobe ta zo da nata tashin hankalin, jibi ma haka. Na manta sarai.

Injiniya ya mayar da murfin a hankali. Ya ce, "Alhaji, bari in ce mata mai walda ne. Ai ba ƙarya ba ce."

Na so in karɓa, ba zan ɓoye ba. Na fita bakin titi na tsaya kallon kekuna suna wucewa, na dawo, na sake fita. Na san Hajiya. Za ta amince da zancen walda, amma a ranta za ta ajiye cewa akwatin Injiniya kurma ne, kuma abin da za ta gaya wa ƙawayenta ke nan.

Da ta iso na buɗe akwatin da hannuna na nuna mata. Na ce, "Hajiya, wannan murɗina ne. Ranar da na yi shi, wannan bawan Allah ba ya gari."

Ta dube ni ta ce da telolinta sun ƙone fa? Ta juya ta ce da Injiniya ya gyara, kayan kuma ya sayo a duk inda ya ga dama, ban da shagona.

Ya ja sabuwar waya ta cikin bututu nesa da ƙofar, ya cire rasistana, ya tabbatar na sama yana nan. Kafin gwaji ni na bi shago shago ina cewa kada kowa ya gudu. Ƙararrawar sama ta yi kuka har teloli suka toshe kunne.

Hajiya ba ta sake taka shagona ba. A watan ta tura Injiniya gidan ƙanwarta a unguwar Hammadu Kafi. Da zai tafi ya biyo ta wajena aron tsani, ya ce in ina so in raka shi, amma hannuna ya zauna a aljihu.