Kaset ɗin Inna da sabuwar amfilifaya

Shekarar da kunnen Baba ya fara mutuwa, abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: wani kaset da marigayiya Innarmu ta aika masa lokacin da aikin jirgin ƙasa ya kai shi nesa da Minna. Inna ba ta iya rubutu ba, sai ta zauna gaban rikoda ta yi wasiƙarta da baki, a ba direba ya kai. Cikin duk kaset-kaset ɗin da ta aika masa, wannan guda ɗaya ne ya rage. Baba kan manna rikodar a kunnensa, ya ce shi ba abin da yake ji sai shuuu.

Likita ya riga ya gaya mana jijiya ce, ba ta dawowa. Ni da taurin kaina na ce rikodar ce ba ta da ƙarfi. Na shiga kasuwa na sayo amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da lasifika biyu, mai Keke Napep ya dire min kwalin a ƙofar gida da hantsi.

Mai shagon ya ja min kunne sosai, kuma wallahi ban tsallake ko ɗaya ba. Na kwantar da kwalin a ƙasa, na zare ta daga farin soson da hannu biyu, nauyi kamar dutsen niƙa. Na ɗora ta kan tebur mai ƙwari, nesa da taga saboda feshin ruwa, na bar mata tazarar taki ɗaya da bango. Ina juya baya Goggo, ƙanwar Baba, ta shimfiɗa mata farin leshi, har da ɗora kwalbar fulawar roba a kai. A gidanmu ko fanka sai an lulluɓe ta.

"Haba Goggo! Ta waɗannan ramukan take shan iska. So kike ta ƙone?"

"Ke dai kin cika iyayi. Abu sabo a bar shi tsirara, ƙura ta cinye?"

Na fizge leshin, ta fita tana mita. Na haɗa wayoyin lasifika tun ban sa komai a soket ba, ja ga ja, baƙi ga baƙi, na murɗe silin waya don kada su taɓa juna. Na jona rikodar ta baya, na bi ta sitabilaiza, na mayar da murya ƙasa can. Sai muka zauna jiran wuta. Kwana biyu cur muna jira.

Da aka kawo, bayan la'asar, na bari ta daidaita sannan na kunna. Muryar Inna ta cika ɗakin tar, har tarinta.

"An fara ne, Uwata?" in ji Baba. Haka yake kirana.

Na gyaɗa kai. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya jawo kujerarsa har gaban lasifika ya ce in ƙara. Gilashin taga ya soma rawa. Inna ta gama gaisuwa da labarin doyar da aka kawo mata daga Paiko, ta shiga maganar da mace kan yi wa mijinta shi kaɗai, cewa tun da ya tafi abinci ba ya mata daɗi. Matan maƙwabta da ke wanki a tsakar gida suka kasa kunne. Goggo ta rufe fuska da mayafi. Duk unguwa ta ji Inna tana kewar mijinta, ban da shi.

Kunya da baƙin ciki suka kama ni. Na so in kashe, na kasa, don ga shi ya ɗora tafin hannunsa a jikin lasifikar yana jin motsinta.

"Ƙara kaɗan, Uwata," ya ce. "Kamar na fara jin ta."

Na kama maɓallin na murɗa. Bai motsa ba, ya riga ya kai ƙarshe.