Farfelar da Aka Cire

Jiya wata ungozoma ta shigo shagona na gyaran mota a Gwale, zaninta duk taɓo. An sayar mata da ƙaramar jif, wai mai ja da taya huɗu, ta kafe a hanyar ƙauye alhali mai naƙuda na jiranta. Da kyar ta ƙarasa a babur. Da aka jawo motar na leƙa ƙasanta, na tarar an cire farfelar da ke juya tayoyin baya, kuma dillalin da ya sayar mata ya sani. Cikin ɓacin rai marigayi Baba, dillalin motar da ya kasance maigidana a sana'a, ya faɗo mini a rai.

Wata damina aka kawo masa ƙananan jif biyu ya zaɓi wadda zai saya don sayarwa. Ni na yaba mai sheƙi. Shi kuwa ya shige ƙarƙashinsu da farar rigarsa, ya fito yana warin baƙin mai, ya zaɓi mai kwarzane.

Ya ce, "Kai fenti kake kallo. Mai sayenta laka zai shiga. Kwanta ka duba."

Dillalan yanzu shaddarsu suke tausayi, ba ran mutum ba. Allah Ya haskaka kabarin Baba, Ya sanyaya masa ƙasar da bai taɓa ƙyamar kwanciya a kanta ba.