An Gama Gaisuwa, Yaya Jikin?

A Damagaram aka koya mini cewa idan an tambayi namiji yaya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Da ita na zo Faransa, da ita kuma na riƙa amsa wa likitar da ke duba ni a Lyon, bayan an gano ina da ciwon jijiyoyi da suke kira sclérose en plaques. Ƙafata ta hagu tana jan ƙasa, idona yana hazo, zuciyata a cunkushe, amma duk zuwa sai in ce mata ça va mieux, wato da sauƙi. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka labarin jikina nake ba ta, alhali gaisuwa nake amsawa. Ta bar ni a kan maganin da ba ya yi mini komai.

Ranar da hoton ƙwaƙwalwa ya ƙaryata ni, ta dube ni ta ce, "Me ya sa kake cewa ka samu sauƙi?" Na buɗe baki zan yi bayani, kuka ya riga ni. Wallahi ban taɓa jin sakayau irin na ranar ba. Ta canza magani, ta haɗa ni da likitan da ake faɗa wa damuwa.

Yanzu mu maza baƙar fata masu irin wannan ciwo muna haɗuwa a wani gidan abinci a unguwar Belleville. Duk baƙon da ya ce mini da sauƙi, raina ɓaci yake. Sai in tura masa shayi in ce, "Malam, an gama gaisuwa. Yaya jikin?"